An Rushe Maƙera, Ana Neman Lauje

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2025, Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya tsaya a gaban wani taro da hukumar British Council ta shirya a Abuja, ya ba da sanarwa cewa Gwamnati ta soke manufar nan ta 2022 wadda ta ce a koyar da yaran firamare da harshen da suka tashi da shi. Da Ingilishi za a riƙa yin karatu, in ji shi, tun daga ajin farko har zuwa jami'a. Hujjar da aka kafa kuwa ita ce yara suna ta faɗuwa jarrabawa, aka kuma ɗora laifin a kan yawan amfani da harshen gida a cikin aji.

Tun daga ranar nan gardama ba ta kwanta ba a tsakaninmu, a ɗakunan kwana da gindin darbejiya da wajen mai shayi. Masu kishin Hausa sun fusata, sun tuna mana da gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su kasa ba, har a cikin Ingilishin kansa. Masu goyon bayan Minista kuma suka ce ai da Ingilishi ake rubuta jarrabawar WAEC da ta JAMB, da shi ake neman aiki, saboda haka a daina yaudarar ɗan talaka. Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Amma akwai wata tambaya da ta riga wannan gardama, wadda ba mu ji an yi ta da ƙarfi ba. Mu ɗauka an yarda da Minista baki ɗaya. To, wa zai koyar da Ingilishin? A ina aka horar da shi, kuma wa ya horar da shi?

Duk wanda yake son amsa, ba sai ya je Abuja ba. Ya shigo ta Ƙofar Nasarawa ya bi hanyar Gidan Sarki a ƙasa, domin tarihin koyon Ingilishi a ƙasar nan yana shimfiɗe a cikin Birni da bakin ganuwarta. A Nasarawa, bayan gari, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909, kuma abin lura shi ne da ajin malamai ya fara, watau ya nemi masu koyarwa tukuna kafin ya tara masu koyo, da Hausa kuma aka soma karatun. A cikin Birni, ba nisa da fada, Sarki Abdullahi Bayero ya sa aka kafa Makarantar Shari'a a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A nan ne Baturen nan Mervyn Hiskett ya yi koyarwa a shekarun 1950, a nan ne kuma aka aza harsashin kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero, a 1960. A kan wannan hanya dai gidan British Council yake, mai fuskar ginin gargajiya, wanda iyayenmu da yayyenmu suke ba mu labarin ɗakin karatunsa har yau, yadda ɗan makaranta zai shiga ya ari littafi ya tafi da shi gida. Can yamma kuma, a Gwale, a cikin wata makarantar firamare ta En'e, aka fara kwalejin horon malamai a 1961, wadda Amurkawa daga Jami'ar Ohio suka taimaka wajen rainonta, ta zama babbar kwalejin nan da aka daɗe ana kira ATC.

Waɗannan su ne manyan gidaje, masu suna. A ƙarƙashinsu akwai wasu waɗanda ba su kai su suna ba, amma su ne suka ɗauki nauyin ƙasa, watau kwalejojin horon malamai masu ba da takardar daraja ta biyu. Kowane dattijon malami a Kano zai lissafa maka su, ta Wudil da ta Bichi da ta cikin gari, da ta mata wadda har gobe ake kiran wurin WTC ko da yake an daɗe da daina horon malamai a ciki. Yaro ya gama firamare, a ɗauke shi, a ba shi wurin kwana da abinci da ɗan alawus, ya shekara biyar ana sarrafa shi domin aiki guda ɗaya tak, tsayuwa a gaban ƙananan yara. Ana koya masa yadda ake riƙe alli, da yadda ake raba allo, da yadda ake shirya darasi a rubuce kafin a shiga aji. Ana tura shi ƙauye gwajin koyarwa, malaminsa ya biyo shi a kan babur ya zauna a bayan aji da takarda yana sa masa maki. Ingilishi kuwa yana cikin darussan da ba a yi musu sassauci. Wanda ya faɗi shi, sai ya sake zama, takarda ba ta fita.

A waɗannan kwalejoji ne baƙin malamai suka fi yin aiki. Bayan samun mulkin kai, Jihar Arewa ba ta da isassun masu digiri, sai aka buɗe ƙofa. 'Yan sa-kai na Ingila, na ƙungiyar VSO wadda aka kafa a 1958, suka zo. Na Kanada suka zo. Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a 1961, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen farko da aka turo wa matasanta. Daga baya, da kuɗin man fetur ya samu, aka kuma ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, sai ga Indiyawa da mutanen Pakistan da Filifin da Masar da 'yan'uwanmu na Ghana, an ɗauko su kwantaragi. Da yawa daga cikin waɗanda suka koya wa iyayenmu nahawun Ingilishi da insha'i da shifta, daga cikin waɗannan baƙi suke. Shi ya sa za ka ga tsohon hedimasta a Yakasai ko Mandawari, wanda bai taɓa taka jami'a ba, ya ɗauki wasiƙar da mai digiri ya rubuta ya bi ta da jan biro har ta koma kamar an yanka kaza a kai.

Kada a ɗauka muna yi wa baƙin nan waƙar yabo ne. Mun san ba don Allah kaɗai aka turo su ba. Zamanin yaƙin cacar baka ne, Amurka da Ingila suna neman zukatan 'yan boko na sababbin ƙasashe kafin Rasha ta riga su, harshe kuma hanya ce ta ciniki da siyasa. Mun san da yawansu yara ne da suka gama digiri jiya, ba su taɓa koyar da kowa ba, suka zo suka koyi aikin a kan 'ya'yan mutane, da sun fara gwanancewa kuma shekara biyu ta cika sai su ɗaure kaya. Ɗalibai irinmu ne suka yi bore a Ibadan cikin Oktoba 1961, sa'ad da aka tsinci katin wata budurwa 'yar Peace Corps tana kwatanta wa na gida irin ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Ɗaliban nan sun yi daidai da suka nuna fushinsu. Duk da haka gaskiya ɗaya ce, a cikin baƙin nan akwai waɗanda suka yi aiki tsakani da Allah, suka zauna a garuruwan da ɗan ƙasa mai digiri yake gudun a tura shi, suka gyara littattafan insha'i arba'in a daren da babu lantarki.

Tafiyarsu ba a rana ɗaya ta faru ba. Peace Corps ta janye daga Nijeriya a cikin shekarun 1970, ta ɗan leƙo a 1992, ta sake fita a 1995. Korar baƙi ta 1983 ta girgiza mutanen Ghana, da yawa suka koma gida. Sa'an nan karyewar darajar Naira daga 1986, a zamanin shirin SAP, ta gama da sauran, domin Ba'indiyen da yake aika wa iyalinsa rabin albashi ya wayi gari abin da yake aikawa bai kai kuɗin tambarin wasiƙa ba, in an yi zuguguwa. A maƙwabta, Jamhuriyar Nijar, inda 'yan Peace Corps na farko suka sauka a 1962 domin koyar da Ingilishi, an jima ana tare, har zuwa Janairun 2011, lokacin da aka sace wasu samari biyu Faransawa a wani gidan abinci a Yamai aka kashe su. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe 'yan sa-kai kusan ɗari daga ƙasar, har da na yankunan Maraɗi da Damagaram, aikin shekara arba'in da tara ya tsaya cik.

Wannan duka ba abin mamaki ba ne, kuma ba shi ne abin kukanmu ba. Baƙo raɓa ne. Wanda ya zo don dalilin ƙasarsu, zai tafi don dalilin ƙasarsu. Ita kanta British Council, wadda aka kafa tun 1934, ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi bayan annobar korona, ta ba da sanarwar rufe ofisoshi ko rage aiki a ƙasashe ashirin a 2021, ga kuma bashin fam miliyan 197 da Gwamnatin Ingila ta ɗora mata. A shekarar nan ta 2021 ne kuma duniya ta ga yadda aka bar malaman Ingilishi 'yan Afganistan da suka yi mata aiki suna ɓuya gida-gida bayan faɗuwar Kabul. Wanda gidansa yake yoyo ba zai zo ya yi maka yaɓe ba. Zamanin da ɗan Birni zai shiga gidan nan na hanyar fada ya ari littafi ya wuce, abin da matasan yau suka fi sanin hukumar da shi shi ne jarrabawar IELTS, wadda mai niyyar fita waje yake biya da kuɗi masu nauyi.

Abin kukanmu shi ne abin da muka yi da hannunmu. Baƙi sun tafi sun bar mana gine-gine da tsari da ɗaliban da suka horar, waɗanda a lokacin sun isa su gaje su. Maimakon mu riƙe gidan mu gyara inda ya tsage, sai muka rufe shi. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce takardar NCE ce za ta zama mafi ƙanƙantar shaidar malanta, a cikin shekarun 1990 kuma aka bi kwalejojin daraja ta biyu ɗaya bayan ɗaya, wasu aka mai da su sakandare, wasu aka ba wa wasu hukumomi gine-ginensu. A kan takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Wa zai ƙi a ce malamin firamare ya ƙara ilmi? An ɗaga daraja, in ji masu tsarin.

To, amma mu duba abin da ya biyo baya. A da, kwalejin horon malamai tana zaɓen yaro tun yana ɗanye, ta raine shi a kan malanta har ta zama masa ɗabi'a. Yanzu kuwa sai wanda jami'a ta ƙi, kwalejin kimiyya da fasaha ta ƙi, shi ne yake gangarowa kwalejin ilmi, yana shiga yana duban ƙofar fita. Ba zagi muke yi ba, cikinmu akwai waɗanda ta nan suka biyo, sun kuma san haka ne. Hukumar JAMB da shugabannin makarantu da kansu suka sa wa abin lamba: a 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, na kwalejin ilmi kuwa 100 daga cikin 400. Watau mun amince a hukumance cewa wanda ya ci kashi ɗaya cikin huɗu ya isa ya koyar da 'ya'yanmu. Idan ya shiga, sai ya tarar da zauren lacca mai ɗaukar ɗaruruwa, malami yana karanto takarda ta lasifika. A irin wannan zaure ana iya koyon tarihin adabin Ingila, har a ci jarrabawa a kansa, amma ba a koyon magana da harshe, domin harshe sai an furta an yi kuskure an gyara maka, sai ka rubuta an bi da jan biro an dawo maka da shi. Gwajin koyarwa kuma ya zama ganin ido, mai dubawa ya leƙo sau ɗaya ko sau biyu ya sa hannu.

Sakamakon bai ɓuya ba. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka shirya jarrabawar da yadda aka kori mutane, kuma akwai gaskiya a cikin ƙorafin ƙungiyar malamai. Sai dai ba mu ji wanda ya tashi ya rantse cewa da a wata jiha ta Arewa aka yi ta da sakamakon ya sha bamban ba. A nan Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf da kansa ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi cikin Yunin 2024, abin da ba a yi wa lafiyayye.

Za a ce da mu ai kwalejojin nan sun riga sun lalace kafin a rufe su. Haka ne, ba mu musa ba. Shirin UPE ya zo da gaggawa, an yi tsammanin yara wajen miliyan biyu da dubu ɗari uku, sai ga kimanin miliyan uku a bakin ƙofa, aka shiga yaye malamai ta gajeruwar hanya, wasu shekara ɗaya wasu biyu, har da waɗanda suka faɗi jarrabawa aka ba su aji. Takardar daraja ta biyu ta 1985 ba ita ce ta 1965 ba. Amma idan rijiya ta gurɓace yasarta ake yi. Mu kuwa cike ta muka yi, muka kafa allo a kai muka rubuta cewa an ɗaga darajar ruwa.

A tuna fa su wa irin wannan gida ya haifa. Kwalejin Katsina da aka fara a 1921 kwalejin horon malamai ce, ita ta yaye Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Ingilishinsa ya sa Turawa da kansu suka yi shiru suna saurare a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, kuma malamin makarantar Midil ne a Bauci kafin siyasa. Malam Aminu Kano, ɗan Sudawa a cikin Birnin nan, malami ne a Bauci, kuma daga makarantar horon malamai ta Maru ya ajiye aiki a 1950. Mutanen nan da Hausa ko Fulatanci suka tashi, da allo suka fara, Ingilishi ya zo musu daga baya a hannun wanda ya iya koyar da shi, bai kuma hana su zama gwanaye ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar cewa harshen gida ne ya kayar da yaran yau.

Wanda ya taɓa leƙa ajin firamare na Gwamnati a cikin Birni ya san abin da yake faruwa. Littafin da Ingilishi aka rubuta shi, tun kafin 2022 da bayanta. Malama za ta karanta jimla, yara fiye da ɗari su amsa da ƙarfi kamar masu bita, sa'an nan ta juya ta yi bayani da Hausa, don in ba haka ba babu mai fahimta. Wata sa'a ita ma jimlar ba ta zauna mata sosai ba. Yaro ya shekara shida a haka, ya fito bai iya karanta Hausa da kyau ba domin ba a ɗauke ta da muhimmanci ba, bai kuma iya Ingilishi ba domin babu wanda ya taɓa yi masa magana da shi. Manufar 2022 ba ta kai ga shiga yawancin azuzuwan nan ba balle a ce ita ta ɓata su, babu littattafanta, babu malaman da aka horar dominta. Sanarwar 2025 ma haka za ta tarar da su. Mai hali ya riga ya kai nasa makarantar kuɗi a Nasarawa ko Bompai, inda ake sayar da Ingilishi zango-zango kamar yadda ake sayar da atamfa a Kantin Kwari. Wanda aka bari da sanarwa shi ne ɗan mai gyaran takalmi na Kurmi da 'yar mai ƙosai ta Jakara, su ne za a ce da su ranar jarrabawa ba su da ƙoƙari.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jiha da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya, da 'yan'uwanmu matasan ma'aikata da suke rubuta musu takardun shawara, su sa wannan a gaba. Ba mu ce a tono takardar daraja ta biyu daga kabari ba, ba mu kuma ce a aika a roƙo Turawa su dawo ba. Abin da ya yi aiki a wancan gida sananne ne, kuma babu ɗaya daga ciki da sai an yi odarsa daga waje: a zaɓi ɗalibi da wuri a ɗauki nauyinsa, a sa shi a ƙaramin aji inda za a ji bakinsa a ga rubutunsa, a haɗa kowace kwaleji da makarantun firamare na gwaji inda zai daɗe yana koyarwa a gaban gwani, kada kuma a ba shi takarda sai ya iya karantar da yaro karatu da Hausa da Ingilishi duka biyu. A cikin kuɗin da ake warewa ilmi, wanda ake ta shelar yawansa, a fitar da kason wannan a fili, ko da za a rage fentin katanga.

Akwai kuma abin da ba ya jira. Tsofaffin malaman nan da baƙi suka horar, suka kuma horar da wasu, suna nan da sauransu a cikin unguwanni, sun yi ritaya, suna zaune a dakalin ƙofar gida suna jiran fansho. Mafi ƙuruciyarsu ya ba sittin baya. Kowace shekara ana rage su. Ƙungiyar Ɗalibai tana iya fara abin da ya fi ƙarfin surutu, ta nemi aron aji biyu ko uku a Shahuci ko Gwale ko Ɗandago a ranakun Asabar, ta gayyato dattawan nan da ɗan abin mota, ta tara musu 'yan'uwanmu na sashen ilmi da za su fita gwajin koyarwa, da duk malamin firamare da yake so, su nuna musu yadda ake koyar da yaro ɗan shekara shida harafi da sauti da jimla. Mun kai wannan shawara gaban majalisar ƙungiya, muna kuma sa ran za a sa ta a cikin ajandar zama mai zuwa, kafin a raba wa 'yan aji uku makarantun da za su je.